Anti, saura kwana 12 bikin 'yata, in yi allurar Botox ɗin nan?

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Shekarata 46, malamar makaranta ce ni a nan cikin gari, 'yata ta fari za mu aurar saura kwana 12 a fara biki. Damuwata wasu layuka biyu ne da suka fito min a tsakanin gira ga wasu kuma a goshi, ko ba abin da ke damuna sai a ce na haɗe rai, ɗalibai ma tsorona suke ji. Ranar da aka kawo lefe wata cikin dangin ango sai da ta ce wai ko kayan ne ba su yi min ba, wallahi Anti maganar nan har yau tana cina. To mai gyaran jikin da take yi wa amarya dilka ta ce tana yin allurar Botox, daga Dubai ake kawo mata, har gida za ta zo ta yi min goshi da gefen ido da layin gefen baki duka a dubu 70, ta nuna min hotunan waɗanda ta yi wa a wayarta, ta ce kwana uku na koma 'yar talatin. Ban faɗa wa Abbansu ba don nasan faɗa zai yi. Akwai kuma haɗin mai da take haɗa min ina shafawa ya kai shekara biyu. In yi ko in haƙura? Kuma ya abin yake a addini?

Wa'alaikumus salam Hajiya uwar amarya, Allah ya sanya alheri ya nuna mana lokacin lafiya, ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba.

Bari in ba ki amsar tun kafin dogon bayani don nasan kanki ya ɗau zafi da hidima. Kar ki bari matar nan ta tsira miki allura a fuska, ba yanzu ba, ba bayan biki ba. Kuma ko likitan gaske ne a gabanki da kwalinsa rataye a bango, a saura kwana 12 ɗin nan ni dai ba zan ce ki fara ba. Amma fa ki lura ban ce allurar banza ce ba, tana aiki sosai, irin layin da kika kwatanta na tsakanin gira ma shi ne ainihin wanda aka fara amincewa a yi ta dominsa a harkar kwalliya. Hannun da zai yi ne matsalar, sai kuma lokacin da kika zaɓa.

Shi Botox ɗin sunan kasuwa ne, akwai 'yan uwansa irin su Dysport da Xeomin da wasu da ake yi a Koriya ta Kudu. Abin da ke cikin kwalbar dafi ne da wata ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum take fitarwa, ita ce dai wadda in ta samu abincin gwangwani da ya lalace mutum ya ci sai jikinsa ya saki ya shanye har numfashi ya nemi gagararsa. Kar ki firgita, tacewa ake yi a auna ɗan mitsitsi, kuma aikinsa guda ɗaya ne tak, saƙon da jijiya ke aika wa tsoka cewa ta motsa shi yake tarewa, sai tsokar wajen ta kwanta. Asali ma ba don gayu aka fara ba. Wani likitan ido ne a San Faransisko ta Amurka, Alan Scott, ya fara gwada shi a kan masu harara-garke a ƙarshen shekarun 1970, hukumar kula da magunguna ta ƙasar ta amince da shi don matsalar ido a 1989. Daga baya wata likitar ido a Kanada, Jean Carruthers, da mijinta Alastair wanda shi likitan fata ne suka lura cewa waɗanda ake yi wa saboda ƙiftawar ido da ba ta tsayawa tsakanin girarsu na miƙewa sumul. Sai a 2002 Amurka ta ba da izinin yin sa don layin tsakanin gira, na gefen ido ya biyo baya a 2013, na goshi a 2017. Kinga daga hannun su wa abin ya fito, likitocin ido da na fata, mutanen da suka yi shekaru suna karanta kowace tsoka ta fuska, inda ta faro da inda ta ƙare da abin da ke ƙarƙashinta. Mai dilka ta iya dilka, ba na raina sana'arta, ni ma in ina da biki wajensu nake zuwa, amma wannan ba layinta ba ne.

Yanzu ki tsaya gaban madubi ki haɗe rai da gangan, za ki ga layukan sun zurfafa, sai ki saki fuskar gaba ɗaya. Abin da ya ɓace da kika saki, shi allurar ke maganinsa. Wanda ya rage ko kin saki kuwa ya riga ya zauna a fatar, irin atamfar da ta shekara a ninke a ƙasan akwati ce, ko kin warware ta sawun ninkin yana nan, zai dinga dusashewa a hankali in an daina ninkewa amma ba a kwana uku ba. A shekara 46 zai yi wuya a ce ba ki da irin wannan na biyun ko kaɗan ne. Maganar komawa 'yar talatin talla ce kawai, hotunan waya kuma ke ma kinsan yadda ake da su, hoton farko a ɗauka a inuwa an ɗaure fuska, na biyu a bakin taga an sha hoda.

Ga lissafin kwanakin da ya sa na ce ko likita ne ki dakata. Allurar ba ta kamawa a ranar, sai bayan kwana uku zuwa biyar ake fara ganin alama, ba ta gama zama sai wajen sati biyu, shi ya sa likitoci ke cewa a dawo bayan sati biyu su duba ko gira ɗaya ta fi ɗaya ɗagawa su daidaita. Ke kuma sati biyunki zai cika ne ana tsakiyar kamu da dina. Wannan ma in komai ya tafi daidai kenan. Abin da aka fi tsoro a allurar tsakanin gira shi ne maganin ya gangara ya taɓa tsokar da ke ɗaga fatar ido, sai ido ɗaya ya sauko ya zama rabi a rufe. Ba a ranar yake nunawa ba shi ma, sai bayan 'yan kwanaki zuwa sati biyu, kuma in ya sauko sai ya yi makonni, wani ma ya haura wata, don babu wata allura da za a yi a warware Botox in ya riga ya kama, akwai dai maganin ɗigawa da ke ɗan ɗaga idon kaɗan na 'yan awoyi, sauran sai jira. Ko a hannun ƙwararre yana faruwa jefi-jefi balle a hannun wadda ba ta san inda ƙashin gira ya tsaya ba. Ki hango kanki a hoton da za a buga a rataye a falon 'yarki shekara da shekaru, uwar amarya ido ɗaya a kanne, garin neman gira kenan a rasa ido, dangin angon da kike gudun bakinsu kuwa sun samu na yi har suna. Ban ma yi maganar tabon taruwar jini da allura kan bari ba da ciwon kai na kwana ɗaya biyu, su ƙanana ne.

Abin da ya fi tayar min da hankali a saƙonki shi ne da kika ce har layin gefen baki za ta yi miki. Nan ta tona wa kanta asiri. Layin nan da ke saukowa daga gefen hanci zuwa gefen baki ba motsin tsoka ne ke kawo shi ba yawanci, kumatu ne ke raguwa su sauko da shekaru, in ma za a taɓa shi wata allura daban ake yi mai cike gurbi, fila, ita kuma haɗarinta daban ne don in ta shiga hanyar jini tana iya kashe fatar wajen, an ma samu waɗanda suka makance. In kuwa Botox ɗin ta zuba a wajen to tsokar murmushi za ta kashe, baki ya karkace gefe ɗaya, shan ruwa a kofi ma ya zama aiki. Duk wadda ta ce miki kwalba ɗaya kuɗi ɗaya za ta share miki fuska daga sama har ƙasa to ba ta san abin da take riƙe da shi ba, ko kuma ta sani kuɗinki take so.

Sai ita kanta kwalbar. Botox na gaske gari ne ɗan kaɗan a gindin kwalba wanda da kyar ma ido ke ganinsa, a firji ake ajiye shi tsakanin digiri 2 zuwa 8, sai za a yi amfani da shi ake sirka shi da ruwan gishiri na asibiti, kuma takardar kamfanin ta ce in an sirka a yi amfani da shi cikin awa 24, kwalba ɗaya mutum ɗaya. To ki tambayi kanki, daga Dubai a cikin me ya taho, a jakar wa, kwana nawa ya yi a hanya, da ya iso firjin gidan wa ya shiga a garin nan da ake ɗauke wuta a wuni a kwana, sannan ta saka shi a jaka ta hau adaidaita sahu da rana tsaka ta taho gidanki. Kuma auna shi ake da yunit, tsakanin gira yunit 20 ne a wuri biyar, kowane wuri 4, gefen ido biyu 24, goshi 20, kwalba kuma akwai mai 50 akwai mai 100. Wanda ya rage in ta gama da ke ina za ta kai shi? Ba za ta zubar ba kin sani, na wata ne jibi, ke ma ƙila ragowar wata za a kawo miki. In zafi ya kashe shi ma da sauƙi, kuɗinki ne kawai ya tafi. Abin tsoron shi ne jabu, wanda ba wanda ya san ƙarfin dafin da ke ciki. A 2024 a Amurka, duk da tsaurin dokarsu, hukumomin lafiya sun fitar da gargaɗi bayan mata a jihohi da dama sun kwanta rashin lafiya, wasu har gadon asibiti, sun yi allurar a gidaje da shagunan gyaran jiki a hannun waɗanda ba su da lasisi, wasu kwalaben jabu ne. Gani biyu-biyu, harshe ya yi nauyi, haɗiya ta gagara, numfashi sama-sama. Ko a kwalin na gaske ma tun 2009 aka tilasta rubuta gargaɗin cewa dafin na iya yaɗuwa ya bar inda aka yi shi. Dubu 70 a kan magani da ake saye da dala, har wuri uku, har da zuwa gida, ni arhar ce ma ta fi ba ni tsoro.

Kuma nasan ba ta tambaye ki komai ba. Likita kafin ya taɓa ki zai tambaya ko kina da ciki ko kina shayarwa, kar ki yi dariya, 46 ana haihuwa. Zai tambaya ko kina da ciwon raunin tsoka irin wanda ke sa ido saukowa da yamma, ko akwai ƙurji a wajen, ko kina shan asfirin ko maganin tsinka jini, ko an yi miki allurar jentamaisin kwanan nan, wadda mu nan ko zazzaɓi mutum ya yi sai a ɗirka masa ita a kemis, alhali tana ƙara wa dafin nan ƙarfi.

Mu dawo kan man da kike shafawa, don ni a ganina ya fi allurar gaggawa. Shekara biyu kina shafa abin da ba kwali ba suna ba lambar NAFDAC. Yawancin haɗin nan da ake zubawa a roba abin da ke sa su aiki da wuri shi ne sinadarin sitiroid mai ƙarfi irin na tub ɗin nan da ake matsewa a ciki, da haidirokwinon mai dusashe launin fata, wani har da makuri wato zaiba. Wata ukun farko sai son barka, fata ta yi haske ta yi laushi kowa na tambayarki me kike shafawa. Daga nan sai ta fara sirancewa, jijiyoyi kore-kore su fito, rana kaɗan ta ƙona ki, saman kumatu ya fara baƙi-baƙi, kuma siririyar fata ta fi saurin yanƙwanewa, wato ba mamaki man da kike saye don ƙuruciya yana cikin abin da ya zurfafa miki layin goshin. Sitiroid ɗin in an daɗe ana shafawa a jiki duka yana shiga jini ya taɓa hawan jini da suga. Amma dan Allah kar ki karanta wannan ki jefar da robar yau, in akwai sitiroid a ciki kika tsaya dare ɗaya fuskar za ta yi bore, ja da zafi da ƙuraje, ana saura kwana 12 biki. Ki ɗauki robar yadda take ki kai wa likitan fata, akwai su a asibitin Malam Aminu Kano da wasu asibitocin kuɗi a gari, shi zai tsara miki yadda za ki janye a hankali. In kin samu sarari cikin satin nan ki je, in ba hali to ana kai amarya ki sa shi a gaba.

Wani abu kuma da nake zargi, tunda kin ce koyarwa kike. Yaushe rabonki da gwada ido? Daga shekara arba'in ganin kusa yake fara raguwa ga kusan kowa, sai ka ga mutum yana nesanta waya yana tsuke gira kafin ya karanta saƙo. Ke da kike wuni kan makin takardun yara masu rubutu kamar tafiyar tsutsa, ga allo, ga rana in kin fito asambuli, ƙila rabin haɗe ran da ake cewa kina yi ƙoƙarin gani ne kawai. Ki leƙa asibitin ido, ko wanda ake kira Makka a nan Kano ko na ECWA da ke Sabon Gari ko duk wanda ya fi miki kusa, a gwada ki, in gilashin karatu ne a yanka miki, wannan kam ko gobe za ki iya kuma ba abin da zai ɓata. Ki haɗa da baƙin gilashi na rana da man kariya daga rana da safe, don ita rana ita ce kan gaba wajen tsofar da fata, mu baƙaƙe ma ba ta bar mu ba balle fatar da ta sha haɗi.

Na ranar biki kuwa mai sauƙi ne. Ki samu barci ko yaya ne, nasan uwar amarya da barci sai a hankali amma ki raba aikin nan, kina da ƙanne kina da ƙawaye. Ki faɗa wa mai kwalliya kar ta lafta miki hoda a goshi da tsakanin gira, hoda mai kauri cikin layin take taruwa ta ƙara fito da shi, a shafa mai sosai tukuna sannan a bi da ita sama-sama. Ɗaurin ɗankwalin yanzu ma da ake saukowa da shi ya rufe rabin goshi ai ya gama miki rabin aikin kyauta.

In an watse kin huta kin ga har yanzu layin nan na damunki, to ki yi abinki ta hanyar da ta dace, ba zan hana ki ba kuma ba abin kunya ba ne. Likitan fata ko likitan gyaran jiki na tiyata, mai rajista da hukumar likitoci ta ƙasa MDCN, a cikin asibiti ba a falo ba. Ki ce a nuna miki kwalbar a rufe kafin a buɗe, ki ga sunanta da ranar lalacewarta, ki tambayi yunit nawa za a sa miki a rubuta a katinki. Ki ce tsakanin gira kaɗai za a fara, kaɗan, don goshi in aka cika masa gira ce ke saukowa fuska ta yi nauyi, ke kuma malama ce, da gira ake tsawata wa aji. Ki karɓi lokacin safe, saboda ana so a yi kamar awa huɗu ba a kwanta ba ba a danne wajen ba, kinga in an yi da hantsi kafin azahar kin cika awoyinki kin yi sujjadarki hankali kwance, ranar kuma ba dilka ba murza fuska. Ki kuma sani tun yanzu wata uku zuwa huɗu take yi ta sake ki, tsokar ta farka layin ya dawo yadda yake, ba ya fin da muni in kin daina kamar yadda ake yaɗawa, amma in kina son ya ɗore to kusan sau uku kenan a shekara, ki auna da albashinki. Kuma ko a ina aka yi, in bayan kwanaki kika ji haɗiya na miki wuya ko magana na sarƙewa ko numfashi, asibiti kai tsaye ko tsakar dare ne, ki faɗa musu abin da aka yi miki.

Maganar addini ni ba malama ba ce ba zan yanke miki hukunci ba. Malamai sun rarrabu a kai, akwai masu kallonsa a matsayin canza halitta in don ado ne zalla, akwai masu sassautawa saboda ba dawwama yake ba ko in abin ya zama aibi da ke cutar da mutum a ransa, in don magani ne kuwa kamar masu ciwon kan ɓari ɗaya mai naci ko sanƙarewar tsoka wannan ba a cika jayayya a kai ba. Ki samu malamin da kika yarda da iliminsa ki kwatanta masa yadda abin yake, har da cewa a cikin Botox akwai wani sinadari da ake tacewa daga jinin ɗan adam, ya ba ki amsa a kan sani.

Abbansu kuma ki faɗa masa. Ba wai don neman faɗa ba, abu ne da in ya zo da matsala shi za a tasa cikin dare ya nemo mota, kuma likitan da zai karɓe ki tambayar farko me ta sha me aka yi mata, ya tsaya yana rantsuwa ba komai. Ki fara masa da maganar da aka yaɓa miki ranar lefe don ya gane daga inda abin ya taso, in ya so ku je wajen likitan fatar tare ya ji da kunnensa. Ita kuwa waccan ta dangin ango, kowane biki da irinta, da kin washe baki ranar cewa za ta yi kin cika zumuɗi kamar ba ki taɓa ganin akwati ba.

Wani abu na ƙarshe da nake so ki bincika yau ɗin nan ba gobe ba, tunda matar nan ce ke gyara amarya: ki tambayi 'yarki me da me ake shafa mata, me ake ba ta ta sha, kuma ko an yi mata tayin wata allura ita ma, ta haske ko ta ƙarin wani abu. Ki tambaye ta ku biyu a ɗaki, ba a gaban ƙawayenta ba.